Zoɓo da hawan jinin da bai yi nisa ba

Zoɓon nan da ake kira folere a Garwa da Marwa, karkanji kuma a Njamena, yana sauke jini kaɗan, amma sai an haɗa shi daidai. A wani bincike na jami'ar Tufts ta Amurka da aka wallafa a 2010, kofi uku kullum har mako shida sun rage lambar sama ta awon hawan jini da kusan maki 7.

A zuba ƙaramin cokali cike da busasshen jan zoɓo a kofin tafasasshen ruwa, a rufe minti shida, a tace. Ban da sukari. Mai sanyin nan na cikin leda da ake sayarwa bakin kasuwa zaƙinsa ya ci amfaninsa. Kanwa kuwa, da wasu ke jefawa don kashe tsami, ɗanjuma ce da ɗanjummai da gishiri wajen tayar da jini. A guji tukunyar dalma, tsamin yana cin ta.

Mai ciki ta haƙura. Mai shan ƙwayar hawan jini, musamman mai sa yawan fitsari, ya fara tambayar likita, kada jinin ya faɗi jiri ya kwashe shi. Idan awo ya kai 160/100, asibiti za a nufa.