Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Darasin Sirinji Biyu

Makon jiya mun tsaya a inda na fara koyar da ɗaliban kanikanci a nan Sakkwato. Yau ga darasin farko na haidirolik, wato aiki da ƙarfin mai, kamar yadda nake bayar da shi har gobe.

Ba da allo ake farawa ba. Kowane rukuni zai karɓi sirinji biyu marasa allura, mai mililita 5 da mai 20, da robar ƙarin ruwa kamu biyu. A cika su da ruwa, a haɗa, kada a bar kumfa ko ɗaya. Wani ya danna ƙaramar, wani ya tokare babbar da yatsa. Mai ƙaramar ke rinjaye, ko da ya fi kowa rama a ajin, don faɗin fuskar fistin babbar, wato abin da ke tura ruwan a cikin sirinjin, ya ninka na ƙaramar kusan sau biyu da rabi. Sai sun gani da idonsu nake ambaton Blaise Pascal, Bafaranshen ƙarni na 17: matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yana isa kowane lungu daidai wa daida.

Daga nan sai jak ɗin mota. In faɗin ƙaramin fistin murabba'in santimita 1 ne, na babban 50, nauyin kilo 10 zai ɗaga kilo 500. Amma ba a banza ba: sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 50 kafin babban ya tashi santimita 1. Shi ya sa ake ta buga hannun jak, motar tana tashi kaɗan-kaɗan.

Sannan in ce a zubar da ruwan a bar iska. Nan da nan wani zai ce, "Malam, ta yi laushi!" Iska tana matsuwa, mai kuwa da ƙyar. Birkin da ke nutsewa ƙarƙashin ƙafa galibi iska ce ta shiga layinsa, sai an buɗe noti a bayan kowace taya an fitar da ita. Dalilin ke nan kuma da kayan iska na gareji suke aiki a matsin "ba" (bar, ma'aunin matsi) 6 zuwa 8, alhali tifar yashi tana ɗaga bodinta da matsin da ya haura ba 100.

Garin nan yana da nasa sharri ga injin. Ƙurar hunturu in ta shiga tanki takan kankare silinda ta cinye roba, don haka a goge bakin tanki kafin a buɗe. Zafin bazara da ke wuce digiri 40 yana tsinka mai, ƙarfi ya ragu. Kada a zuba baƙin mai a madadin man birki, robobin kumbura suke yi. Tiyo in yana yoyo, da kwali ake neman hudar, ba da hannu ba, domin man yana iya huda fata.

Mako mai zuwa za mu shiga bawul da famfo.