Farfesan da aikinsa lissafin ƙura

A jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana a Amurka akwai wani farfesa, Kingsly Ambrose, injiniyan aikin gona ne ɗan asalin Indiya, kuma abin da aka fi saninsa da shi wai ƙura. Eh ƙura dai, wannan da ke tashi in ana juye masara ko ana niƙa. Duk shekara shi ke fitar da rahoton rumbunan hatsi da masana'antun niƙa da suka fashe a Amurka ta dalilin ƙura, a wane gari, wane hatsi ne, me ya tada wutar, mutum nawa suka ji ciwo nawa suka rasu. Kafin ya dawo Purdue ya koyar a jami'ar jihar Kansas sashen kimiyyar hatsi, can ne ma wani malami Robert Schoeff ya share shekaru yana tara irin wannan lissafi tun kafin shi.

Na san wani zai ce haba malam, mutum ya yi karatu har digiri na uku ya ƙare a ƙirgar ƙura? To ni dai a ganina cikin masu bincike kaɗan ne aikinsu ke taɓa ran lebura kai tsaye kamar nasa.

Ka tara garin masara a ƙasa ka kyasta masa ashana, da ƙyar zai kama, sai dai ya yi baƙi ya mutu. Amma garin nan in ya watsu a iska wuta ta same shi, sai ka ji fuuu, ya tashi gaba ɗaya, don kowace ƙwaya iska ta zagaye ta ta ko'ina (don Allah kar yara su gwada). Masu wannan ilmi sun ce abu biyar ne sai sun haɗu: ƙurar kanta, iska, abin da zai kunna, ƙurar ta kasance a sama tana yawo, sannan wurin a rufe yake. Kusan giram 50 na ƙura a cikin iskar wurin da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne ya isa. To rumbunan Amurka kuwa ba irin namu na laka da jinka ba ne, dogayen gine-gine ne na kankare kamar bene mai hawa goma, a ciki akwai wani bel mai jerin bokitai da ke ɗibar hatsi daga ƙasa ya kai sama, a rufe yake ruf cikin akwatin ƙarfe, ƙura cike. Abu huɗu kenan sun riga sun zauna suna jira. Saura boris guda ya rasa giris ya ɗau zafi, ko bel ya goce yana gogar ƙarfe, ko mai walda ya zo gyara tartsatsi ya faɗa.

Kuma abin da ya fi ba ni tsoro, fashewar farko ba ita ke kashe mutane da yawa ba. Ita ƙarama ce, aikinta ta girgiza ginin, duk ƙurar da ta kwanta wata da watanni a kan ƙarafan rufi da saman fitilu da bayan injina inda tsintsiya ba ta zuwa sai ta tashi sama lokaci guda, wutar farko kuma ba ta mutu ba, shi kenan sai ta biyu ta biyo, ta uku ta biyo, tana bin ramukan da bel ke wucewa daga wannan rumbu zuwa wancan.

Haka aka yi ranar 22 ga Disamba 1977 a Westwego kusa da New Orleans, bakin kogin Misisipi, rumbun kamfanin Continental Grain ya tashi, mutum 36 suka mutu. Kwana biyar tsakani wani ya fashe a Galveston ta jihar Teksas, mutum 18. Ba sabon abu ba ne a ƙasar, tun 1878 injin fulawar Washburn a Minneapolis ya kashe mutum 18, amma na 1977 ɗin ne ya tada hankalin gwamnati, duk da haka sai da aka yi shekara goma ana ja-in-ja kafin hukumar kare lafiyar ma'aikata, OSHA, ta fitar da dokar wuraren hatsi a 1987. Kun san me ke tsakiyar dokar? Shara. Idan ƙura ta kai kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci, wajen milimita 3, a kusa da injin ɗaga hatsin nan, dole a kwashe ta. Kuma ba a yarda a hure ta da iskar kwamfaresa ba sai an kashe duk abin da zai iya kawo wuta, don hurewar ai tada ta sama ne.

Mace-macen sun ragu sosai bayan nan, amma ba su ƙare ba. 1998 rumbun DeBruce kusa da Wichita a Kansas mutum 7, 2011 a Atchison mutum 6, 2017 masana'antar niƙa masara ta Didion a Wiskonsin mutum 5. A rahotannin Ambrose matsakaicin fashewa a shekara bai kai goma ba, masara ce ta fi yawa a ciki, kuma sau da yawa ba a gano abin da ya kunna wutar tunda ginin da za a bincika ya zama kango. Wannan ma darasi ne, in ba ka iya sanin ta inda wuta za ta zo, to abin da ke hannunka shi ne ka hana ta abinci.

Ba lissafi kaɗai yake yi ba. Shi da ɗalibansa sun haɗa wata manhaja da ke amfani da kyamarar waya, tana duba yadda haske ke dushewa in ya ratsa ƙura, daga nan ta kimanta ko ƙurar da ke iska ta kusa kai matakin fashewa. Wannan ya burge ni gaskiya, don na'urorin awon ƙura tsada gare su, waya kuwa tana aljihun kowane ma'aikaci.

Sannan maganar ajiya da maganar tsaro duk abu ɗaya ne. Masarar da aka busar da zafi mai yawa tsagewa take, in ta tsage ta karye a bel, karyayya kuma ita ke zama ƙura. Wadda ba ta bushe ba kuwa, danshinta ya wuce kashi 14 ko 15 cikin ɗari aka daɗe da ita, sai ta yi fumfuna ta dunƙule ta ƙi fita, sai a ce wa wani shiga ka fasa ta. In injin fitarwa na aiki hatsin jan mutum yake ƙasa, cikin daƙiƙa biyar ya riƙe shi har gwiwa, kafin minti ɗaya ya rufe shi. A 2010 a Mount Carroll ta jihar Ilinoi samari biyu, ɗan shekara 14 da ɗan 19, haka suka rasu cikin masara. Wani farfesan Purdue ɗin, Bill Field, shi kuma lissafin waɗanda hatsi ya rufe yake riƙe da shi shekara da shekaru.

Mu nan sunan Purdue ta buhu muka san shi, buhun PICS da jami'ar ta ƙirƙiro, mai ruɓi uku da masu wake ke ɗaurewa ƙwari su mutu ba magani. Amma ɓangaren ƙurar ma ya fara shafarmu, ga kamfanonin shinkafa da na abincin kaji suna ta tashi a Kano da kewaye, da dogayen rumbunan ƙarfe da bel mai bokitai irin wancan. Na taɓa leƙa wata masana'antar abincin kaji, na shafa yatsa a kan akwatin wuta ya nutse cikin dusa, ga waya a buɗe an naɗe ta da leda, ma'aikacin da ke wurin ya ɗaure hanci da tsumma gashin idonsa fari fat. Na tambaye shi yaushe ake share saman, ya yi dariya ya ce sai in oga zai kawo baƙi.