Darussan kulle rumbun bayanai na Access

Kuskure mafi ciwo shi ne ɗaukar fom ɗin shiga a matsayin tsaro. Mutum ya yi tebur na sunaye da kalmomin sirri, ya ƙawata fom, ya miƙa aiki. Ranar da wani ma'aikaci ya danne maɓallin Shift yana buɗe fayil, Access, wato manhajar Microsoft ta ajiye bayanai, zai tsallake fom ɗin ya baje masa tebura duka, har da na albashi, ga kalmomin sirrin kowa a rubuce ɓaro-ɓaro. Fom ɗin labule ne kawai. Kuma in asiri ya tonu, wanda ya haɗa rumbun ake kira ofishin oga, ba a tambayar wanda ya hana kuɗin sayen saba (server), wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai.

Gyaran yana da matakai. A mayar da AllowBypassKey, saitin da ke barin Shift ya tsallake fom, zuwa False ta hanyar VBA, yaren rubuta umarni na cikin Access, a kashe maɓallan musamman don kada F11 ya fito da jerin tebura, sannan a raba rumbun biyu: tebura a folda ta haɗaka, fom da rahotanni a kwamfutar kowa a sigar ACCDE, wadda ba a iya sauya tsarin fom da rahotanni a cikinta. Fayil ɗin teburan a buɗe shi a yanayin Exclusive, wato mutum ɗaya kaɗai a ciki, kafin a sa masa kalmar sirri, in ba haka ba Access ba zai yarda ba. In kalmar ta ɓace, Microsoft ba ta dawo da ita.

Duk da haka akwai kafa. Kalmar sirrin teburan da aka haɗa tana zaune a MSysObjects, wani ɓoyayyen tebur na ɓangaren da ke kwamfutar kowa, mai ido zai karanta. Ga kuma fayil ɗin .laccdb, mai riƙe bayanin waɗanda ke cikin rumbun, da ke tilasta a ba kowa izinin rubutu a foldar, don haka mai filash zai kwafe rumbun ya tafi da shi gida. Tsarin ba kowane mutum izininsa na System.mdw kuwa ya tsaya a tsofaffin fayilolin .mdb, sigar .accdb da ta zo a 2007 ba ta da shi. Bayanan albashi ko na marasa lafiya gara a kai su SQL Server Express, wata manhajar rumbun bayanai ta Microsoft mai aiki a saba, kyauta ce.

Kada a ajiye kalmar sirri tsirara, a gauraya ta da gishiri (salt), wato wasu haruffa na kan-mai-uwa-da-wabi, a bi da SHA-256, lissafin da ke rikiɗa ta zuwa lambar da ba a iya juyawa baya. Wanda ya bar aiki a rufe asusunsa ranar, kada a goge, don tarihin shigarwarsa. Oga da ya manna kalmarsa a jikin allon kwamfuta kuwa, a sa ya sa hannu a takarda cewa an gargaɗe shi.