Rubutun da ke jikin kebur

Ina shekara ta biyu da fara koyon aikin wayarin maigidana ya aike ni kasuwa in sayo kebur ɗin da za mu ja daga janareta zuwa injin wankin mota. A bayan rasit ya rubuta min H07RN-F 3G2.5. Mai shago ya ce babu irinta, amma ga H05VV-F, kauri ɗaya, kuma ta fi araha. Na ɗauko ina murnar na rage wa mai aiki kuɗi.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya zauna kan benci, ya goge ƙurar jikin wayar da babban yatsa har ƙananan haruffan suka fito, ya ce, "Zo nan, yaro, karanta min."

"Ranka ya daɗe, ai lamba ce kawai ta kamfani."

A nan ya warware min ita ɗaya bayan ɗaya. H na nufin an yi ta bisa ma'aunin bai-ɗaya na ƙasashen Turai. 05 na nufin tana ɗaukar volt 300/500, 07 kuma 450/750. Haruffa biyun da ke biye su ne rigunan wayar, ta ciki da ta waje. V robar PVC ce, wadda rana da man inji ke busar da ita har ta tsattsage. R robar asali ce mai laushi, N kuma wata roba ce mai jure mai da ruwa. A wurin wankin mota, inda kebur ke kwance cikin ruwa da baƙin mai, mutane na taka ta ba takalmi, wannan bambancin rai ne na mutum. F ta ƙarshe na nuna siraran zare ne a ciki, masu lanƙwasuwa. 3G2.5 kuwa waya uku ce, kowace kaurinta murabba'in milimita 2.5, kuma G ɗin shaida ce cewa akwai ta atin, wato wayar da ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, mai launin kore da rawaya. Da X aka rubuta, to babu atin.

Ranar na koma kasuwa da ƙafa na canzo ta.

Daga baya da na shiga aikin sola sai na haɗu da lissafin kaurin waya na Amurka, AWG, wanda yake tafiya a juye: lamba na ƙaruwa, waya na sirancewa. 10 AWG ta ɗan haura murabba'in milimita 5, alhali 14 AWG ba ta wuce 2 da kaɗan ba. Wayar da ake ja daga fanel a kan rufi kuwa tata lambar daban, H1Z2Z2-K, wadda aka yi don zafin rana.

Abin da ke ci min rai yanzu shi ne rubutun ma ana yi masa ƙarya. Za ka ga an buga 2.5, ka fere ka tarar ba ta kai ba. Don haka nakan duba tambarin NIS na SON, hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya, sannan in kankare zare ɗaya da wuƙa a gaban mai shago. Idan fari ya leƙo a ƙarƙashin jan, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, sai in ajiye masa kayansa.