Kurakuran da na tafka wajen dashen haƙori

Ƙannena, shekara huɗu na yi da giɓi bayan an cire mini turmin haƙori na ƙasa, ina ganin tunda ba a gaba yake ba babu gaggawa. Ranar da na je neman dashe, likita ya ɗora hoton muƙamuƙina a kan allo, ya nuna mini yadda ƙashin wurin ya sirance, domin ƙashin da ya rasa saiwar haƙori janyewa yake yi, musamman a watannin farko. Sai da aka yi mini ƙarin ƙashi, na jira ya kama, kafin a kafa kusar ƙarfen titaniyam ɗin da ke maye gurbin saiwa. Ita ma kusar tana bukatar wata 3 zuwa 6 ƙashi ya rungume ta kafin a ɗora mata kan haƙori.

Kuskurena na biyu ya fi ba ni kunya, domin da aka tambaye ni ko ina shan taba, cewa na yi na daina, alhali kwalin yana aljihuna. Taba tana rage jinin da ke isa dasashi, ta jinkirta warkewa, haka ma ciwon suga idan ba a daidaita shi ba, saboda haka ku faɗa wa likita gaskiyar halinku da duk maganin da kuke sha.

Amma inda na fi cutar kaina shi ne bayan an gama aikin. Na ɗauka tunda ƙarfe ba ya ruɓewa, na huta da wahala, sai na riƙa goge baki sama-sama. Ashe dasashi da ƙashin da ke kewaye da kusar suna kamuwa da cuta, kuma haƙorin dashe ba shi da jijiyar da za ta yi zogi ta ankarar da mutum. Na daɗe ina ganin jini-jini a kan buroshi da safe, ina jin ɗan wari idan na danna wurin da yatsa, ban kula ba, har aka gano ƙashin ya fara zaizayewa.

An wanke wurin an ceto haƙorin, sai dai ƙashin da ya tafi bai dawo ba. Yanzu ina goge baki sau biyu a rana, ina zura ƙaramin buroshin sakace ta gefen haƙorin kowane dare, kuma duk wata 6 ina komawa a auna dasashin ko da ban ji komai ba.