Makonni uku da Inna a cikin jirgin ruwan da muke zaune

Shekara huɗu ke nan ni da maiɗakina muna zaune a cikin jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, kuma mafi yawan wannan lokaci jirgin yana ɗaure ne a matsayar ƙananan jiragen ruwa ta Las Palmas, babban birnin tsibirin Gran Canaria, ɗaya daga cikin tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya da ke tekun Atlantika daura da gaɓar Maroko. Tsawon jirgin mita 11 ne, faɗinsa bai kai mita 4 ba, kuma a cikin wannan ɗan wuri aka tsara ɗakunan kwana biyu, ɗaya a goshin jirgi ɗaya a bayansa, da wurin zama, da murhun gas, da banɗakin da mutum ba zai iya miƙa hannuwansa biyu a cikinsa ba. 'Yan'uwa da ke gida sukan ɗauka kullum muna kan tafiya ne daga wannan tsibiri zuwa wancan, alhali kwanakin da muke kwance igiya mu fita teku ba su kai rabin kwanakin da muke shafewa wajen gyara ba.

Gishiri ne tushen yawancin aikin. Yana cikin ruwan da jirgin ke zaune a kai, yana cikin iskar da ke shigowa ta taga, kuma babu ƙarfen da yake ƙyalewa sai ya sa masa tsatsa ko ya daskarar da shi. Saboda haka, bayan sallar asuba, abin da nake fara yi shi ne ɗaga katakon daɓen jirgin in haska tocila a ramin da ke ƙarƙashinsa, inda duk ruwan da ya ɗiga yake taruwa. Idan na tarar da ruwa, nakan tsoma yatsa in ɗanɗana, kamar yadda tsofaffin matuƙa suka koya mini: idan babu gishiri, to tankin ruwan sha ne ke yoyo ko ruwan sama ya samu kafa, amma idan da gishiri, teku ce ke shigowa, kuma ba a karin kumallo sai an gano ta inda take shigowa. A jikin jirgin, ƙasa da inda ruwa ya kai, akwai ramuka da aka huda da gangan domin injin ya ja ruwan sanyaya kansa, banɗaki da wurin wanke-wanke kuma su zubar da nasu, kowane rami da makunninsa. Duk mako nakan bi su ɗaya bayan ɗaya in buɗe in rufe, domin makunnin da aka bari wata da watanni ba a taɓa ba yakan cije, kuma ranar da tiyo ya fashe ba za a iya rufe shi ba.

Sau ɗaya a shekara ake ɗaga jirgin da babbar na'ura a ajiye shi a kan tudu. A ranar ne mutum yake ganin abin da ya daɗe yana kwana a kansa bai sani ba: gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo mai kaifi sun manne a ƙasan jirgin, suna rage masa gudu, suna ƙara wa injin shan mai. Sai a wanke da ruwa mai ƙarfi, a kankare, a goge, sannan a shafa wani fenti na musamman da ke hana su sake kamawa da wuri. A lokacin ne kuma ake sauya 'yan dunƙulen ƙarfen zinki da ake ɗaurawa kusa da farfela. Aikinsu shi ne su lalace: idan ƙarafa iri biyu suka haɗu a cikin ruwan gishiri, wata 'yar wutar lantarki takan bi tsakaninsu ta riƙa cinye ɗaya, don haka ake saka zinki ya zama shi za a ci, farfela ta tsira. Na riƙe wanda na cire bara a tafin hannuna, ya zama fari-fari mai ramuka kamar busasshen soso, bai kai rabin nauyinsa na farko ba. Ba na ganin wannan aiki a matsayin wahalar da ke hana mu jin daɗin jirgi, domin shi ne zaman jirgin kansa. Ko Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan nan da ya ƙetara daga Turai zuwa Amurka, da ya iso waɗannan tsibirai a 1492, sai da ya tsaya aka gyara abin juya ɗaya daga cikin jiragensa mai suna Pinta a nan Gran Canaria kafin ya tsallaka Atlantika.

Abu ɗaya da ban zaci zan tarar a nan ba shi ne hazo. Mutanen tsibirin suna kiransa kalima, kuma ƙurar Sahara ce iska ke kwasowa ta ƙetaro teku da ita, 'yar'uwar wadda muka saba gani da hunturu a gida. A watan Fabrairun 2020 ta yi kaurin da har aka rufe filayen jiragen sama na tsibiran. Idan ta sauka, takan rufe farantan solar da ke cika mana batir, ta shige cikin igiyoyi ta sa su yi tauri, ta gauraya da raɓa ta zama jan laka a saman jirgin. Maƙwabtanmu Turawa sukan yi ta ƙorafi, ni kuwa, duk da aikin da take jawo mini, ƙamshinta yakan tuna mini da safiyar Janairu a ƙofar gidanmu.

Duk wannan shimfiɗa ce ga abin da na zauna rubutawa, wato zuwan mahaifiyata. Tun ranar da na gaya mata na koma zama a jirgi hankalinta bai kwanta ba, kuma ban ga laifinta ba, domin labarin tekun da take ji a rediyo shi ne na samarin Afirka ta Yamma da ke shiga kwale-kwale su nufo waɗannan tsibirai, da yawa su halaka a hanya. Hotuna da kiran bidiyo ba su gamsar da ita ba. Bayan an sha zirga-zirgar neman biza, ita da ƙanwata suka biyo ta Madrid suka sauka a Gran Canaria a watan Afrilu. Na riga na gargaɗe su kada su ɗauko kilishi, saboda dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama daga waje, don haka kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa suka cika jaka.

Da muka iso bakin jirgin, Inna ta tsaya a kan gadar katako tana kallon tazarar da ke tsakaninta da jirgin, wadda ba ta wuce taku ɗaya ba, amma ruwa na motsi a ƙarƙashi. Ta yi bisimilla, ta miƙa wa ƙanwata takalmanta, ta kama hannun maiɗakina ta tsallaka. Ban manta da cewa hannun surukarta ta kama ba, nawa yana miƙe.

Na yi zaton ƙarancin ruwa ne zai fi damun baƙinmu. Tankinmu lita 300 yake ɗauka, kuma ko da yake a matsaya ana iya cika shi da tiyo, idan muka fita muka jefa anka, wato ƙarfen da ake saukarwa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a wani wuri, abin da ke cikinsa shi ne iyakar abin da muke da shi na sha da girki da wanka da alwala. Ƙanwata, wadda ta tashi a birni, ta sha wuya kafin ta saba rufe famfo tana cikin wanke hannu. Inna kuwa bayani ɗaya aka yi mata. Ta girma a ƙauyen da ake ɗebo ruwa daga rijiya mai zurfi, kuma ta san abin da tulu ɗaya zai iya yi wa gida a yini. A kwana na biyu ta karɓi wanke-wanke daga hannunmu: takan fara goge kwanuka, ta wanke su da ruwan teku da ta ɗebo da bokiti, sannan ta ɗauraye su duka da abin da bai fi buta ɗaya na ruwan daɗi ba. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ki gaya wa yayanki, ruwan da suke zubarwa a gidan nan ya isa shayar da akuya biyu." Ruwan da ke kai mu kwana goma mu biyu, sai ga shi ya kai mu kusan haka mu huɗu.

Wannan magana tata ta nuna ainihin abin da ya yi mana wuya. Ni ne ɗan farinta, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba idan akwai wanda za ta bi ta kansa. Gidan Bahaushe an gina shi ne da sanin irin wannan kunya: akwai zaure, akwai tsakar gida, akwai ɗakin kowa, ta yadda uwa da ɗanta, ko suruka da surukarta, za su yini gida ɗaya ba tare da sun takura wa juna ba. Jirgi ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana jin tarin kowa, ana jin ƙarar famfon banɗaki da ake bugawa da hannu, kuma mutum biyu ba sa gilmawa a tsakiyarsa sai ɗaya ya raɓe. A daren farko Inna ba ta ci abinci sosai ba, kuma na gane ba rashin lafiya ba ne, zama ne a teburi ɗaya gwiwa da gwiwa da ni. Maiɗakina ce ta warware matsalar. Ta rataya zane a tsakiyar jirgin ya zama labule, ta ba Inna da ƙanwata ɗakin gaba, ni kuma na mayar da wurin tuƙi da ke waje ya zama zaurena, inda nake cin abinci, nake kuma zama da safe har sai mata sun kimtsa. Daga ranar Inna ta sake, har ta fara tuƙa mana tuwo da garin semolina a ƙaramar tukunya. Ta kuma ɗanɗana gofiyo, garin gasasshen hatsi da mutanen Kanari ke ci tun kafin zuwan Sifaniyawa, ta ce da za a dama shi da nono, da ya yi kusa da fura.

A mako na biyu muka kwance igiya muka gangara kudancin tsibirin, inda duwatsu ke tare iskar arewa maso gabas da ke kaɗawa mafi yawan shekara. Ƙanwata ta yi fama da jiri da tashin zuciya, ta kwanta har muka isa. Inna ta zauna a waje, ta yafa mayafi a kan rigar kariya daga nutsewa, idonta a kan gaɓa kamar yadda na ba ta shawara, carbi a hannunta. Da na kashe injin, filafilan suka cika da iska, jirgin ya ɗan kishingiɗa ya ci gaba da tafiya babu ƙara sai ta ruwa, sai ta tambayi maiɗakina ko mai ne ya ƙare. Aka ce mata iska ce kaɗai ke tafiyar da mu. Ta daɗe tana kallon filafilan, sannan ta ce, "Ikon Allah."

A inda muka jefa anka wata tambaya ta taso, ta alƙibla. A matsaya jirgin a ɗaure yake gaba da baya, kuma daga Las Palmas alƙibla kusan gabas take sak, da ɗan karkata zuwa arewa, don haka mun daɗe da sanin kusurwar da muke fuskanta. A kan anka kuwa jirgin yana juyawa ne da iska, yana iya kallon gabas da azahar ya kalli kudu da la'asar. Na nuna wa Inna kamfas ɗin da ke gaban sitiyari da lambar da za ta nema, kuma kafin kowace salla takan fito ta duba da kanta, ba ta jiran kowa.

A can ne kuma injin ya fara zafi wata safiya, na duba bututun hayaƙi na ga ruwan da ya kamata ya riƙa fita tare da hayaƙin ya tsaya. Na kashe shi nan take, na rufe makunnin ruwan teku, na kwance murfin famfon sanyaya injin, na tarar da 'yar robar nan mai fukafukai da ke tura ruwa ta karye biyu daga cikin fukafukanta. Ina da sabuwa a ajiye, amma dole sai an nemo gutsattsarin da suka ɓalle, don kada su toshe hanyar ruwa a gaba. Wurin yana da duhu da ƙunci, ƙanwata tana kwance, maiɗakina tana waje tana lura da kada jirgin ya matsa kusa da duwatsu. Ina durƙushe da sifana a hannu sai na ga haske ya sauka daidai inda nake nema. Inna ce ta ɗauki tocila ta tsuguna a bayana. Mun fi rabin awa a haka, ba ta ce komai ba, sai sau ɗaya da ta nuna da yatsa ta ce, "Ga ɗaya can," kuma ni ta gaya wa, domin babu kowa a wurin sai mu biyu.

Ranar da za su tafi, ta sa ƙanwata ta tambaye ni sau nawa nake duba ramin da ke ƙarƙashin daɓe. Na ce kullum da safe. Ta ce a gaya mini in ƙara da dare kafin in kwanta. Ta bar mana sauran kuka da daddawa a cikin robobi masu murfi saboda laima, kuma zanen da maiɗakina ta rataya yana nan a naɗe a gefe, mun bar igiyarsa a ɗaure domin kawuna ya ce shi ma zai zo bayan babbar salla idan bizarsa ta fito.