Tsohuwar Kubota ta Kawu

Yau da hantsi na je fadamar Kawu na tarar yana fama da ƴar taraktarsa, Kubota B7100, ƙirar Japan. Tun 1976 aka fara ƙera irinta, shi kuwa ta hannu ya saya. Jan fentinta duk ya koɗe, kujerar ma da buhu aka naɗe ta.

Ƙarfin doki 16 ne kacal, injin dizal mai silinda uku, giya shida gaba, biyu baya, kuma duk tayoyin huɗu suna ja. Shi ya sa take ratsa laka tsakanin kunyoyin albasa inda babbar tarakta ba ta isa ta shiga ba.

Kawu ya ce, "Ɗana, murɗa makullin ka riƙe, sai ta ɗumama tukuna." Na ƙirga ashirin a zuci, na tayar. Ta yi tari sau biyu, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama, har sitiyarin na rawa a hannuna. Wallahi sai da na ji tsikar jikina ta tashi.

Abin da ke damuna shi ne kayan gyara. Wata uku muna neman murfin lagireto, har yanzu da tsumma Kawu ke toshe bakin.